Muryar Shamuwa a Lasifikar Masallacinmu

Assalamu alaikum, mutanen gidan nan. Masu turo mini saƙo cewa na cika ja musu rai, na ji ku. Ba da gangan nake yi ba. Abin da bai faru ba, ba ni da yadda zan rubuta shi. To, yau Alhamis ya faru, kuma ko ɗankwali ban cire ba na zauna ba ku labari.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Haulatu, 'yar Alhaji Kalilu mai shanu, a nan cikin garin Daura. Shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata, kuma a ganin Gwaggona Kande, ƙanwar Baba, na daɗe da wuce lokaci. Tana da ɗa mai suna Zakiyyu da ke aiki a Abuja. Duk zuwan da za ta yi gidanmu sai ta nuna mana hoton wani sabon abu da ya saya wa falonsa. Zakiyyu ba shi da wani aibu. Sai dai hira mafi tsawo da muka taɓa yi da shi a kan tsadar man fetur ce.

Baba bai taɓa yi mini dole ba. Magana ɗaya ya yi mini, yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Haulatu, in kina da wanda kike so, in gan shi kafin Babbar Sallah. In babu, zan ba Kande amsa. Ta gaji da sintiri, ni ma na gaji da ba ta kujera."

Akwai wanda nake so. Sunansa Ikrima, mutumin Dutsi. Yana da ɗan shago a kan hanyar Kusugu inda yake sayar da caja da murfin waya, yana kuma tura wa mutane finafinai. Wannan shi ne abin da gari ya sani. Abin da gari bai sani ba shi ne, a bayan shagon akwai wani ɗaki da aka manne wa kwalin ƙwai da tsohuwar katifa a bango. A nan yake shiga ya rufe ƙofa ya zama Mai Murya Goma, mai fassara finafinan Turawa zuwa Hausa. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwa, in akwai kare a fim ɗin shi ne karen.

A wurin faɗa muka haɗu. Muna da zaure a WhatsApp mai suna Majalisar Jarumai, inda ake gardama kan finafinan jaruman nan masu tashi sama. Wanda ya fi raba kanmu shi ne wanda muke kira Shamuwa. Sunansa na Turanci ya gagari bakin mutane, shi kuma ga baƙar alkyabba, ga farin ƙirji, ga jan takalmi, ga shi sai ya ɓace wata da watanni sannan ya dawo. Shi ke nan suna ya bi shi. Da rana direban motar asibiti ne, kuma yana son 'yar wani tsoho mai gyaran agogo. A ƙarshen kashi na biyu, bayan ya ceci garin, sai ya tsaya a kan rufi yana leƙen tsohon da 'yarsa ta taga. Ya juya ya tafi, ko sallama babu.

Me ya sa ya tafi? A kan wannan tambaya an kori mutane daga zauren, wasu kuma sun fita da ƙafarsu.

Nabil, wanda ya karanta littattafan zanen da aka ɗauko labarin daga ciki, cewa yake masu fim sun ci amana. A littafi, in ji shi, Shamuwa shiga shagon ya yi, ya yaye abin da yake rufe fuska da shi a gaban tsohon, ya ce ga ni. Saudatu ta ce sadaukarwa ce, ya tafi ne don kada maƙiyansa su taɓa yarinyar, kuma haka ya faɗa da bakinsa a na Turancin. Mafi yawan 'yan zauren kuwa fassarar Hausa suka kalla, a can kuma ga abin da Shamuwa ya ce a kan rufin: "Irina ba a ba shi 'yar gidan mutunci. Tsohon nan ko kallo ban ishe shi ba."

Ni na kalli duka biyun. Sai na rubuta: "Wannan maganar babu ita a fim. Mai fassara ne ya ari bakin jarumi ya faɗi damuwarsa."

Ba a jima ba saƙo ya shigo mini ni kaɗai.

"Malama, wa ya ce miki mai fassarar yana da damuwa?"

"Wanda ba shi da ita ba zai biyo ni nan ba."

An yi shekara guda ke nan.

Yanzu ga inda matsalar take. Baba ɗan kallo ne. Dillalai ne suka koya masa a kara, kasuwar shanu, lokacin da ake zaman jiran motoci. Bayan la'asar yakan zauna a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ya miƙe ƙafarsa ta dama wadda wani bijimi ya taɓa harba, ya ƙure sautin waya saboda kunnensa ya ɗan yi nauyi. Don haka babu wanda bai san muryar Mai Murya Goma ba a gidanmu, har kaji. Ranar da ya gama kashi na biyu na Shamuwa, ya kife wayar a cinya, ya cire tabarau.

"Mai fassarar nan maƙaryaci ne," ya ce. "Da zan gan shi da na gaya masa."

Bai yi bayani ba. A gidanmu kuwa babu kalma mai nauyin wannan. Baba da baki yake ciniki tun kafin a haife ni, kuma wanda ya yi masa ƙarya sau ɗaya ba ya sake ba shi hannu.

Ni na kai wa Ikrima labarin don ya yi dariya. Bai yi ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da na ce ya zo ya gaida Baba, sai uzuri ya taso. Yau kaya za su iso daga Kano, gobe mura, jibi babur ya ƙi tashi. Shekaranjiya na gaji, na ɗauki waya.

"Sallah ta ƙarato."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Gwaggo ta zo da hoton firiji."

"Mai ƙofa biyu?"

"Mai ƙofa biyu."

"Ina ganin da za a ɗan bari zuwa..."

"Ikrima, kana kan rufi."

Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge.

Na ƙara masa: "Ni ba 'yar mai agogo ba ce. Ba zan zauna a bakin taga ina jiran kashi na uku ba."

Can sai ga amsa. "Alhamis bayan la'asar. Amma mai sayar da kayan waya ne zai zo. Ɗayan zai zauna a shago."

"Muryar fa? A shago za ka bar ta?"

"Ki bar ni da ita."

"Ni dai ka sani, in Baba ya tambaye ni, faɗa zan yi."

"Ba zai tambaya ba."

Yau da safe an ɗan yi ruwa, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Umma ta tashi gidan tun hantsi. An share, an goge, an shimfiɗa sabuwar darduma a falon Baba, an bi ko'ina da turaren wuta har sai da akuya ta yi atishawa. Ta yi dambun nama, ta yi zoɓo da abarba. Ni na sa atamfa ruwan ganye mai ɗigon zinare, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara. Lallen da aka yi mini na bikin wata malamar makarantarmu bai gama fita ba. Duk wannan kwalliyar don in shiga da faranti in ajiye in fito ne, amma haka ake yi.

Ikrima ya iso cikin shadda ruwan toka mai aikin hannu a wuya, da hula kube da na tabbata aro ce, don ta ɗan shige masa har kunne. Babur ɗinsa tun a bakin titi ya ajiye shi, ya tako. Takalmi tun a zaure ya cire. Ya shiga falo ya durƙusa can nesa da darduma, kai a ƙasa.

Akwai ɗakin ajiya da ke jikin falon Baba, da wata 'yar taga mai raga a tsakani. Ina ajiye faranti na zagaya can. Na tarar da Umma ta riga ni.

"Daddawa nake nema," ta ce.

"A cikin buhun gero?"

"Matsa, kin tare mini."

Muka kasa kunne.

"Sannu da zuwa, samari," in ji Baba. "Yaya hanya?"

Bakin Ikrima ya motsa. Abin da ya fito bai fi ƙarar fanka ba.

"Na'am?"

Bakin ya sake motsawa.

Sai a lokacin na gane dabarar. Ya san a garin nan babu wanda zai zargi saurayi don ya kasa ɗaga murya a gaban uban budurwarsa. Da raɗa ya zo, yana so a ɗauka kunya ce.

"Ɗan wa kake a Dutsi?"

Baba ya karkato da kunnensa mai kyau, ya jira.

"Malam Sha'aban? Mai tafsiri? Ikon Allah! Ai tare muka yi aikin hajji. Har yanzu yana shan shayi ba sukari?"

Hular aro ta yi sama ta yi ƙasa.

"Sana'a fa?"

Wannan karon na tsinci kalma ɗaya: waya.

"Waya kawai?"

Kan Ikrima ya ƙara yin ƙasa. Ba e ba ce, ba kuma a'a ba ce. Baba ya dube shi, ya ce, "To, madalla," ya tura masa farantin dambu.

Umma ta dafa kafaɗata. "Yaron nan akwai kunya. Irinsu sun yi ƙaranci. Wancan na Kande da ya zo, ƙafa ya ɗora kan ƙafa."

Na ci gaba da leƙe ta ragar.

A lissafin Ikrima, zai gaisa, ya sha zoɓo, a sallame shi tun rana ba ta faɗi ba. Amma ƙarami ba ya tashi sai babba ya ce ya tashi, Baba kuma ya ƙi cewa. Ya ba shi labarin aikin hajjinsu. Ya ba shi labarin bijimin da ya harbe shi, da yadda ya sayar da shi a ranar ba don fushi ba. Ya aika a damo fura. Ikrima ya gyara zama, Baba ya ɗauko labarin farin da aka yi yana yaro. Inuwar darbejiya ta kai bango, ta hau, ta wuce. Sai ladan ya kira magariba.

"Af," in ji Baba. "Ka ga hira. Tashi mu je."

Masallacin layinmu a ƙofar gidanmu yake, Baba ne ya gina shi. Ƙarami ne, amma lasifikarsa ba ƙarama ba ce, kuma wanda ya ɗaura ta ya saita bakinta daidai tsakar gidanmu. In liman ya yi tari, mu muke fara ce masa sannu.

Muna alwala ni da Umma muka ji an ta da iƙama. Sai muryar Baba, daga ɗan nesa da abin magana.

"Liman bai iso ba. Ga ɗan Malam Sha'aban na Dutsi nan. Bismillah, shiga gaba."

Wani gunaguni.

"Maƙogwaro? Ungo kanumfari, ina da shi a aljihu."

Wani gunagunin.

"Haba, ɗan malam guda. Magariba ce, ka sani a bayyane ake yi. Ka ɗaga murya na baya su ji."

Na tsaya da ruwa a hannu. Abin magana ya yi ƙara, alamar an gyara shi. An ɗan jima. Sai lasifika ta buɗe, murya ta cika unguwa, mai kauri, mai ɗan kaushi a ƙarshen kalma, wadda ke cikin wayar kowane saurayi daga nan har tasha:

"A daidaita sahu. A rufe ɓaraka. Mai waya ya kashe."

Ku da kuka kalli fassarar kun san jarumi kaɗai Ikrima yake yi wa muryarsa ta ainihi. Sauran tara ne na aro.

Butar Umma ta tsaya a sama, ruwa yana zuba a ƙasa.

"Haulatu."

"Na'am, Umma."

"Shamuwa ne zai ja sallah?"

"Umma, lokaci yana wucewa."

Muka yi sallarmu. Karatunsa ya yi kyau, iyakar abin da zan ce ke nan.

Da aka idar, na ji hayaniyar samarin layi a ƙofar gida, kowa yana son ya yi masa magana ya ji da kunnensa. Baba ya kore su da kalma biyu. Shi da Ikrima suka dawo falo. Wannan karon Umma ba ta ce daddawa take nema ba, kujera 'yar tsugunno ta ɗauko ta kafa a gindin taga.

Baba ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"To. Maƙogwaro ya warke."

"Ya warke, Baba."

"Madalla. Yanzu sai mu gaisa. Sannu da zuwa, Mai Murya Goma. Ɗazu ko guda ɗaya ba ka zo da ita ba."

Ikrima ya cire hular, ya riƙe ta da hannu biyu. "Baba, ni ne. Ni nake fassarar. Da kuka tambaye ni ko waya kawai, ya kamata in faɗa. Ban faɗa ba."

"Ba ka faɗa ba, ba ka kuma ce e ba. Na lura. Da ka ce e, da tuni kana hanyar gida." Baba ya kurɓi fura. "Ka ɗauka zan ji uwar yarinya tana ambaton sunan yaro a gidana in zauna? Tun watan jiya na aika an duba mini kai. An ce yana sallah, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa da kowa, sai dai yakan shiga ɗaki ya rufe yana haushi kamar kare."

Umma ta toshe baki da mayafi.

"Liman ma lafiyarsa lau," in ji Baba. "Yana sahu na biyu. Ya ce a gaya maka karatunka ya yi kyau."

Baba ya ci gaba.

"Sana'ar ba ta dame ni ba. Ni da nake kallo zan zagi mai yi? Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Me tsohon nan ya yi maka?"

"Wane tsoho, Baba?"

"Mai agogo."

Baba ya sa tabarau, ya laluba waya da yatsa ɗaya, ya ja fim ɗin baya. Bai sha wahalar nema ba, da alama ya sha zuwa wurin. Wurin da direban motar asibiti ya fara zuwa gidan tsohon ne. Muryar gadara ta fito daga wayar: "Sha ka tashi, gidan nan ba na 'yan tasha ba ne."

Baba ya kashe sautin, ya mayar da shi baya, ya miƙa wa Ikrima.

"Yanzu kalla ba murya. Ni ba na jin Turanci, amma ina da ido. Ya zuba masa shayi. Ka gani? Ya ƙara masa. Ga shi ya tashi, da sandarsa, ana ruwa, ya ɗauko lema. Ina za shi?"

"Rakiya, Baba."

"Har ina?"

"Har bakin titi."

"A ina ka taɓa ganin an raka wanda aka kora? Wanda ba ka so, daga zaune kake ce masa ya gaida gida." Baba ya ɗaga murya, bai ko waiwayo ba. "Haulatu! Ke da kike bayan buhun gero. Me tsohon ya ce da Turanci?"

Kafin in juya, Umma ta ɗauke kujerarta ta ɓace. Ban taɓa sanin tana da sauri haka ba.

Na gyara murya. "Cewa ya yi ƙofarsa a buɗe take, ya dawo duk lokacin da ya ga dama."

"Ka ji. Ni dama na san ba abin da ka faɗa ya faɗa ba."

Ikrima ya daɗe yana juya hular. Da ya yi magana, da muryarsa ya yi, ba ƙari.

"Baba, lokacin da nake fassara wannan kashin, ban daɗe da fitowa daga wani gida ba. Na je neman aure, aka ji abin da nake yi, aka ce ba a ba ɗan fim. Ko ruwa ba a ba ni ba. Da na zo kan tsohon nan, sai na ji shi nake gani."

Wannan labarin na san shi, tun farkon haɗuwarmu ya ba ni. Ban dai taɓa jin ya ba wani ba.

"Sai ka rama a kan mai agogo," in ji Baba.

"Haka ne."

"Da ni," in ji Baba.

Ikrima ya miƙo wayar da hannu biyu.

"Tsoho guda ya kore ka, ka ɗora mana mu duka. Yara suna kallo a waya suna cewa haka iyayen 'yan mata suke." Baba ya karɓi wayarsa. "Na ji Haulatu tana gaya wa uwarta wai kuna gardama, wasu sun ce sadaukarwa Shamuwa ya yi, wasu sun ce tsoro. Ni a wurina ba ko ɗaya. Rashin ladabi ne. Ya yanke wa dattijo hukunci bai tambaye shi ba. Ko na Turancin ma haka ne. In hatsari yake ji musu, ya shiga ya faɗa, mutumin ya zaɓa da kansa. 'Yarsa ce ai. Haulatu, ki sa wannan a zaurenku."

"To, Baba."

"Ki ce in ji wani dattijo."

Na sa, tun ina tsaye a wurin. Nabil ya riga ya turo hoton tafi, Saudatu kuma ta ce a shigo da dattijon zauren su yi ta ƙare.

Baba ya juya ga Ikrima. "Abu biyu. Na farko, ka koma ɗakin nan naka ka mayar wa mutumin nan muryarsa. Abin da ya faɗa, shi za ka faɗa. Ka sake turawa, a goge tsohuwar."

"Zan gyara, Baba. Har da maganar kan rufin."

"Wannan tsakaninka da Haulatu ne, ita ta fara kama ka. Na biyu." Ya cire tabarau ya ninke. "Ka gaya wa magabatanka ina jiransu Asabar ta sama. Kande kuma ku bar ni da ita."

Kun san ba na son dogon bayani a kan abin da zuciya ta yi. Na zauna a kan buhun gero, atamfata ta kwashi ƙura, ban damu ba.

Ikrima ya yi godiya har sai da Baba ya ce ya isa. Ya miƙe, ya mayar da hular, ta sake shigewa har kunne. A lokacin yayyafi ya dawo, ana jin sa a kan kwano. Na leƙa ta ragar na ga Baba ya dafa bango ya tashi, ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya ɗauko lema.

"Baba, ku zauna, ƙafarku..."

"Wuce mu je."

Ni da Umma muka tsaya a bakin zaure muna kallonsu. Baba yana ɗingishi, lema a hannunsa, ya karkata ta wajen Ikrima, kafaɗarsa ta hagu tana jiƙewa. Ba su tsaya ba sai a bakin titi, inda babur yake.

"Zakiyyu ɗan ƙanwarsa ne," in ji Umma, "amma bai taɓa raka shi ya wuce zauren nan ba."

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi.

Baba ya dawo yana kakkaɓe lema, fuskarsa a sake.

"Gobe in an sauko daga Juma'a zan kira Malam Sha'aban," ya ce wa Umma. "Mun daɗe ba mu gaisa ba. In yi masa murna. Ɗa mai murya goma ai ba ƙaramar baiwa ba ce. In ya shigo Daura ma sai in nuna masa wurin da yaron yake yin tsohuwa, ya sha dariya."

Na shiga ɗaki na rubuta wa Ikrima, har da hoton dariya. Na jira ya isa gida. Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu ya goge. Ya fara ya goge. Na san wannan salon.

"Haulatu."

"Na'am."

"Malam bai sani ba."

"Bai san me ba?"

"Shi ma waya kawai ya sani. A tafsirin bana sai da ya yi zama guda a kan masu fassarar fim. Ni na riƙe masa abin magana."

Na ajiye wayar a kan gado, na cire 'yan kunne, na sa su a gwangwaninsu, na dawo.

"Motar Dutsi ta farko tana tashi bayan asuba," na rubuta. "Ka riga Baba."

"In je in ce masa me?"

"Ka ce ga ni. Nabil ya ce haka aka yi a littafi."

Ya karanta. Har yanzu da nake rubuta muku bai ba da amsa ba. Baba kuwa ya nemo lambar Malam Sha'aban, ya kuma sa wayarsa a caji tun yanzu.